Babi na Bakwai: Wa ke Kula da Dajin Kiwo?

"Kiwon ma sai an yi masa digiri?" Tambayar da ke jiran duk yaron da ya koma gida a Jalingo ke nan, ya ce wa mahaifinsa ya sami gurbin karatu a fannin dabbobi da filayen kiwo. Ba a jimawa ta biyu ke biyo baya: "In ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?" Kada a ga laifin dattijon. Ya saba ganin saurayin da bai taɓa zama a aji ba yana juya garken shanu ɗari da sanda da fito kawai, ya san kowace saniya da sunanta, ya san uwar da ta haife ta. Me ɗan makaranta zai koya wa wannan?

Game da saniyar kanta, kusan babu. Sai dai ba saniyar za a danƙa wa ɗan makarantar ba. A babin da ya gabata mun yi maganar likitan dabbobi da masu allurar rigakafi, mutanen da ke duba jikin dabba. Wannan babin na mutumin da ke duba abin da ke ƙarƙashin kofaton dabbar ne: ƙasar da take takawa, ciyawar da take ci, mashayar da take zuwa, da hanyar da za ta kai ta can ba tare da ta shiga gonar kowa ba.

Filin na wa ne?

Kowace saniya da aka kai kasuwar Iware tana da mai ita. In ta ɓace, kafin magariba cigiya ta kai Garba Chede. Amma dajin da ta yi kiwo har ta yi wannan ƙibar na kowa ne, abin kowa kuwa halinsa ɗaya da rijiyar unguwa: kowa da gugarsa, ran da ta cushe sai a rasa mai yashe ta.

Mutanen dā ba su bar abin sakaka ba. Gari yana da huruminsa, inda ba a noma don dabbobin gari su samu na ci. Akwai burtali da kowa ya san faɗinsa, akwai mashaya da ba a tare ta da shinge. Mai gari da arɗo su ne ke riƙe da wannan tsari, kuma a ka yake, ba a takarda ba. Da jama'a ta yi yawa, gwamnatin Jihar Arewa ta ga maganar baka ba za ta ƙara isa ba, sai ta yi dokar keɓe dazuzzukan kiwo a 1965. Daga ita aka samu irin su Kachia a Kaduna, Wase a Filato da Wawa-Zange a Gombe. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta saba ambatawa sun ce akwai irin waɗannan dazuzzuka 415 a faɗin Nijeriya, amma 141 kaɗai aka tabbatar a gazet. Sauran suna nan da suna, ba su da katangar doka.

A 1978 dokar mallakar ƙasa ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Dokar ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo. Wato a takarda filin yana da uba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai kwana ya tashi da shi, ya san inda ya fara da inda ya ƙare, ya san abin da zai iya ɗauka. Gurbin aikin da muke magana a kai ke nan.

Lissafin ciyawa

Aikin farko na jami'in dajin kiwo shi ne amsa tambaya ɗaya: shanu nawa wannan fili zai ciyar har shekara ta zagayo ba tare da ya mutu ba? Direban tirela ya san nauyin da motarsa ke ɗauka. In ya zarce yau ya sha, ya zarce gobe ya sha, wata rana a hanya za ta kwanta masa. Fili ma haka yake, illa shi ba ya ƙara kafin ya kwanta.

Ga yadda ake lissafin. Masana sun ɗauki saniya mai nauyin kilo 250 a matsayin ma'auni. Irin wannan tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a rana, a shekara kusan kilo 2,300 ke nan. Yanzu sai a koma wajen filin. A ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, lokacin da ciyawa ta gama girma, jami'in zai shiga daji da wani ƙarfe ko katako mai kusurwa huɗu, tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa mita ɗaya. Zai jefa shi a wurare daban-daban ba tare da zaɓe ba, ya yanke duk ciyawar da ta faɗo ciki, ya shanya ta ta bushe ƙayau, ya auna.

Mu ƙaddara ya samu giram 300 a kowace jifa. Hekta ɗaya, wadda ta kai kusan filin ƙwallo ɗaya da rabi, tana da irin wannan murabba'i 10,000, saboda haka tana ɗauke da kilo 3,000. Wanda bai san aikin ba a nan zai tsaya ya ce ai hekta ɗaya ta ishi saniya har da saura. Ba haka ba ne. Wata ciyawar shanu za su tattake, wata gara za ta ci, wata wuta za ta lashe, wata kuma dole a bar ta ta rufe ƙasa ta zubar da iri. Abin da ake sa wa rai ya shiga cikin dabba bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, wato kilo 1,000. Ashe saniya ɗaya na neman fiye da hekta biyu. Fili mai hekta 1,000, wanda in ka tsaya a tsakiyarsa za ka rantse ba ya ƙarewa, shanu 440 ne ƙarfinsa ko ƙasa da haka. Garke biyar masu ɗari-ɗari sun riga sun yi masa yawa.

Ma'auni kaɗai ba ya faɗin komai, sai an haɗa da ido. Kilo ɗaya na gamba ba ɗaya yake da kilo ɗaya na tofa ba. Jami'in kirki in ya ga gamba na ja da baya, tafasa na mamaye wuri, ya san an yi wa filin cin zarafi tun kafin ya ɗauko sikeli. Dalili kuwa shi ne saniya mai zaɓe ce. Ciyawar da ta fi mata daɗi ita take bi, tana cinye tohonta duk lokacin da ya leƙo, har saiwar ta gaji ta mutu. Wadda ba ta so kuma sai ta samu sarari ta yi iri. Shi ya sa fili ke iya zama kore shar a ido, amma shanu na fita daga cikinsa da yunwa.

A nan ne ɗan makaranta zai sauke girman kai. Duk abin da zai gano da sikeli a wata guda, tsohon makiyayi ya gani da ido tun bara. Abin da makiyayin ba shi da shi shi ne hanyar mayar da abin da ya gani ya zama lamba a takarda, irin wadda za a ajiye gaban kwamishina ko alƙali. Jami'in tafinta ne tsakanin idon makiyayi da teburin hukuma.

Abin da Mambila ta koya mana

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna, yana da tsayin kusan mita 1,600, ga sanyi, ga doguwar damina, ga shi ƙudan tsando mai kawo sammore bai cika yin tasiri a can ba. Aljannar shanu ke nan. A ƙarnin da ya wuce garkuna suka yi ta hawa suna yawaita, babu mai cewa ya isa. Yau wanda ya bi hanyar Nguroje zuwa Gembu zai ga gefen tuddai sun yi layi-layi kamar matakala, sawun shanu ne na shekara da shekaru. Zai ga wuraren da ƙasa ta zaizaye ta bar jan tabo. Zai kuma ga wata ciyawa mai tauri da Fulanin yankin ke kira pagame ta cinye wurare da dama da ciyawa mai laushi ke fitowa a da.

Da fili ya ƙaranta, mai hali ya kewaye tudu da waya, manomi ya matsa daga kwari zuwa gangare, ƙaramin makiyayi ya rasa inda zai sa kansa. Rikicin da ya ɓarke a tsaunin a watan Yunin 2017 yana da dalilai da yawa, na siyasa da na tarihi, kuma ba zan ce lissafin ciyawa kaɗai zai hana shi ba. Amma gardamar fili ce a gindinsa, gardamar da ta yi shekaru tana ruruwa babu ma'aikacin da ke riƙe da taswirar da kowa ya yarda da ita.

Mai taswira da mai turke

Kashi na biyu na aikin shi ne iyaka. Burtali ba ya ɓacewa dare ɗaya. Bana manomi ya ƙara kunya biyu, baɗi maƙwabcinsa ya ƙara uku, bayan shekara goma hanyar da garke ke bi a sake ta koma ta mai keke. Haka mashaya. A fadamun Binuwai, wajen Lau da Karim Lamido da Gassol, noman rani na shinkafa ya bunƙasa, abin farin ciki ne ga masu yi. Sai dai nan ne shanu suka saba sauka da rani neman ɗanyar ciyawa da ruwa. In ba a bar musu mashiga ba, za su yi wa kansu.

Saboda haka ana neman wanda ya iya safiyo: ya bi burtali da ƙafa ko babur riƙe da na'urar GPS, ya ɗauki lambobin kowace kwana, ya zauna gaban kwamfuta ya fitar da taswira, sannan a kafa turakun siminti. Yau hotunan tauraron ɗan'adam da kowa ke iya gani a Google Earth suna nuna yadda gonaki suka ci daji shekara bayan shekara, kuma manhajar QGIS ta zana taswira kyauta ce. Matashin da ya ƙware a waɗannan biyun ya riga ya sha gaban yawancin masu neman aiki a wannan fanni.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu a nan. Tun 1961 suka shata layin da noma ba ya wuce shi ta arewa. A 1993 suka kafa kundin dokokin karkara, wanda ya samar da kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye, inda ake haɗa sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya da ma'aikatan gwamnati. A 2010 suka ƙara da dokar da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. A jihar Maradi za ka ga burtali da turakunsa jere, kuma hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Ba a ce rigima ta ƙare a can ba. Amma in ta tashi akwai takarda da za a buɗe, akwai kuma ma'aikacin da aikinsa ke nan.

Zama a gindin bishiya

Da a ce aikin ya tsaya a kan ciyawa da turaku, da da sauƙi. Rabinsa mutane ne. Shanu sun yi ɓarna a gonar masara, wa zai ƙiyasta asarar? Mai gona zai ce buhu ashirin, mai shanu zai ce ko biyu ba ta kai ba. Ana buƙatar wanda zai auna inda aka ci, ya ƙirga tushe, ya faɗi adadin da ba zai ji kunyar maimaita shi a gaban kowane ɓangare ba. In ya karɓi ɗan rago daga wannan ko kwanon shinkafa daga wancan sau ɗaya, aikinsa ya ƙare a wannan yanki, ko da takardar ɗaukarsa aiki na nan.

Wuta ma sai da zama. Mafarauci na cinna ta don ya kori nama, makiyayi na cinna ta don sabon toho. Ƙunar da aka yi da wuri, ciyawa na da sauran danshi, ba ta cika yin ɓarna ba. Wadda aka yi tsakiyar rani, da iskar hunturu a bayanta, tana iya cinye abincin wata uku a yini ɗaya. Sai an shawo kan mutane su yarda da lokaci, su kuma fito a share layin tare wuta.

Wani abin da ba a cika kawowa cikin maganar kiwo ba shi ne itace. In rani ya tsananta, busasshiyar ciyawa ta zama cika ciki kawai, ganyen itatuwa irin su kawo da maɗaci da maɗobiya ne ke riƙe shanu. Maɗobiyar nan ita ce 'yan katako suka raɗa wa suna madrid, aka yi ta sare ta a dazuzzukan Taraba a shekarun 2010 ana lodawa zuwa Sin. An yi ta maganar asarar daji, amma ban ji an yi ta lissafin abincin rani na dabbobi da ya tafi a bayan tireloli ba. Jami'in dajin kiwo da ya san aikinsa shi zai fara ɗaga murya.

Ga harshe. Jihar da ke da ƙabilu gommai ba a yi mata aiki da Turanci. Hausa za ta kai ka kasuwa, Fulatanci zai shigar da kai ruga, in kuma kana jin Mumuye ko Jukun ko Tibi, manomi zai faɗa maka abin da ba zai faɗa a taro ba. Mata kuma suna da gurbin da maza ba za su iya cikewa ba, domin nono da yawancin awaki da tumaki a hannun mata suke, kuma ba kowane baƙon namiji ne zai zauna da su ba.

Doka ba ta tafiya da ƙafarta

A watan Yulin 2017 Gwamna Darius Ishaku ya sa hannu a dokar hana kiwon sake da kafa wuraren killace dabbobi, aka sa Janairun 2018 ta fara aiki. Ƙungiyar Miyetti Allah ta ƙi amincewa, kuma a watan Fabrairun 2018, bayan ziyarar kwamitin da gwamnan Ebonyi na lokacin David Umahi ya jagoranta, aka dakatar da aiwatar da ita don a sake dubawa. A 2019 shirin Ruga na tarayya ya gamu da irin wannan ƙaddara, aka koma ga shirin sauya fasalin kiwo na shekara goma, 2019 zuwa 2028, wanda Taraba ke cikin jihohi bakwai na gwaji.

Mai karatu na iya zama mai goyon bayan killacewa ko mai goyon bayan yawon kiwo. Ni dai abin da na lura shi ne duk ɓangaren da ya yi nasara, ma'aikata iri ɗaya zai nema. In killacewa za a yi, sai an san hekta nawa za a ba mai shanu ɗari, wace ciyawa za a shuka, ina za a haƙa dam. In yawo za a ci gaba da yi, sai an tsare burtali da mashaya. An yi ta jayayya a kan doka, ba a yi maganar hannuwan da za su ɗauke ta ba. A Amurka, inda aka yi dokar kiwo a filayen gwamnati tun 1934, hukumar kula da filaye tana riƙe da lasisin kiwo kusan 18,000, kowanne da adadin dabbobi da watannin da aka yarda, kuma akwai jami'an da ke zagayawa suna auna ciyawa. Aiki ne mai suna da matakin albashi.

Ina ake koyo, wa ke ɗauka?

A cikin Jalingo akwai Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Aikin Gona, dukansu suna koyar da ilmin dabbobi. Akwai Jami'ar Tarayya ta Wukari. A Yola, Jami'ar Modibbo Adama na da sashen da ya haɗa ilmin dabbobi da kula da filayen kiwo, a Abeokuta kuma jami'ar aikin gona na da sashe sukutum na wannan fanni. Wanda ke son zurfafa bincike kan ciyawa, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ce gidan abin. Mai difloma ma yana da wuri, domin yawancin aikin daji shi ke yi.

Masu ɗauka kuwa, akwai ma'aikatar jiha da sassan gona na ƙananan hukumomi 16. Akwai Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙira a 2024. Akwai shirye-shiryen Bankin Duniya, L-PRES na dala miliyan 500 kan kiwo da ACReSAL na dala miliyan 700 kan farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa. Gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Nijeriya, yana da ƙauyukan makiyaya a cikinsa da aka yarda su zauna, saboda haka yana buƙatar wanda ya san dabbar daji ya kuma san saniya. Sai ƙungiyoyin sasanta rikici da masu manyan garkuna a Mambila.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗaukar aikin gwamnati jefi-jefi ne, na shirye-shirye kuma kwantiragi ne mai wa'adi. Aikin na rana ne da ƙura da kaska, kuma akwai dazuzzukan da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka sa ba a shiga sai da shiri. Wanda ke son ofis mai sanyi ya nemi wani fannin.

Wanda kuma ya iya lissafin ciyawa ba dole ne ya zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba. Ilmin da ke gaya masa fili ya gaza shi ne ke gaya masa watan da masu shanu za su fara neman abinci ido rufe. Babi na gaba a kan wannan yake: noman ciyawa, adana ta, da sayar da ita. Kafin ka buɗe shi, ka leƙa inda ake sayar da harawa a unguwarku, ka tambayi kuɗin dami ɗaya yau, ka kuma tambayi nawa yake da kaka. Rubuta su biyun, da su za mu fara lissafi.